Maame Tana Jiran Jirgi

Maƙerar jiragen ruwa, Turai
8 ga Nuwamba

Yaya Araba,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki da sanyi ya kusa busarwa. Ina fatan kina lafiya ke da yara. Yaya tarin uwarmu Maame? A wasiƙarki ta baya kin ce da sauƙi, amma na san halinki, ko ƙafarki ce ta karye cewa za ki yi tuntuɓe kika yi. Ki gaya wa tsohuwar nan in ta ƙi shan magani, bargon da na saya mata ni zan lulluɓa da abina.

Jirginmu ya fara kama da jirgi. Makon jiya aka zura masa injunansa biyu, ni na tsaya a kai har aka zaunar da su. Ni da ke cikin kwale-kwale muka tashi, amma Yaya, in kin tsaya a ƙarƙashin wannan sai kin dafe ɗankwali kafin ki ɗaga kai. Har yanzu lamba ce kawai a jikinsa, manya a gida ba su gama gardamar suna ba. Da ma uku aka ce za a ƙera mana. Na biyu ga ƙashin bayansa nan kusa da namu yana ta tsatsa, na uku kuwa bai taɓa sauka daga kan takarda ba.

Mu arba'in da biyu aka kawo mu koyi aikinsa mu tuƙo shi gida. Mutum huɗu sun fita sayen taba tun watan jiya, har yau ba su samo ba. An ce an ga ɗaya yana wankin kwanuka a wani gidan abinci, ya yi kumatu. Kwamanda ya tattare fasfo ɗinmu ya kulle, ni dai dariya na yi, don ko kyauta aka ba ni ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe uku ba na so.

An ce cikin Afrilu za mu taso. Ki gaya wa Maame ta tanadi farin zanenta na biki. Zan roƙi Kwamanda ya ɗan karkata ta gaban garinmu Shama kafin mu shiga tashar Sekondi, a busa mata ƙaho, ta nuna wa matan bakin ruwa ta ce ɗanta ne a ciki yake juya abin. Ki kuma tanadar mini dokunu, tuwon masarar nan namu, da kifi da yaji mai sa hawaye, dankalin mutanen nan ya ishe ni.

Ƙaninki,
Fiifi

Shama
10 ga Nuwamba

Fiifi ƙanena,

Ina gaishe ka. Yara lafiya, ni ma ga ni nan. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karatu.

Maame ta rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi. Ranar Litinin har kifi ta juya a murhun banda, tana yi wa 'yata Esi faɗa wai ta cika wuta. Da gari ya waye ta kasa tashi. Ka san Talata ba a shiga teku, don haka kowa yana gari, kafin a ce haka tsakar gida ta cika. Ni na ɗaga kanta na ba ta ruwan tafiya. Ta sha kurɓi biyu, ta dubi ƙofa ta ce, “Jirgin yaron nan bai iso ba?” Na ce yana hanya. Ta ce, “To.” Daga nan ba ta ƙara magana ba.

Na so a buga maka waya ran nan. Kawu Essel ya hana, ya ce shi ne babban dangi, kuma ba a sanar da ɗa mutuwar uwarsa da kalmomi biyar kamar an ce kaya sun iso. Sai da dangi suka zauna aka ba ni izinin rubutu, shi ya sa ka ga na makara.

Mun kai ta mutuware a asibitin cikin gari, an sa ta a firji. Matan dangi za su kawo sabulu da soso da zannuwa, wannan namu ne. Akwati kuwa ka san na wane ne. Kai kaɗai ne ɗanta namiji, ba wanda zai saya mata gidan kwananta na ƙarshe kana raye.

Fiifi, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Ɗazu na ɗebi abinci na nufi ɗakinta, sai da na kai bakin ƙofa na tuna. Ka nemi hutu ka zo. Ba wanda zai sa ta a ƙasa sai ka zo, ko da zan kwanta a bakin ramin ne.

Yayarka,
Araba

Maƙerar jiragen ruwa
9 ga Disamba

Yaya Araba,

Wasiƙarki ta same ni. Ina lafiya, in wannan ce lafiya. Ki gaishe da yara, ki ce wa Kawu na gode da ya hana a buga waya.

A ɗakin inji aka miƙo mini ita. Na karanta, na ninke, na koma na ƙarasa ɗaure kusoshin da nake ɗaurewa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Da na lissafa kwanaki sai na ga ranar da nake rubuto miki shirmen bargo da ƙaho, Maame tana kwance cikin ƙanƙara. Matar da ko ruwan randa ba ta sha da safe saboda sanyi. In wasiƙar can ta iso, ki jefa ta a murhu.

Na je wurin Kwamanda. Ya miƙe tsaye ya yi mini ta'aziyya, ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce, “Bentsil, duk wanda na miƙa wa fasfonsa ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.” Na ce ni ba su ba ne. Ya ce ya sani, amma mu uku aka koya wa injunan nan. Ɗaya ya gudu, ɗaya an mayar da shi gida da ciwon ƙirji, saura ni. Ya ce, “In ka tafi aka riƙe ka a can ko na wata ɗaya, jirgin nan ya koma tarin ƙarfe, mutanen nan kuma ba mai kai su gida.” Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Yanzu waɗanda suka sulale sun kai tara.

Zan iya bin sawunsu in nemi hanyata. Amma a filin jirgin sama za a tarbe ni da ankwa, in zo jana'izar uwata tsakanin soja biyu, ko kuma in ji kiɗan jana'izar daga ɗakin tsaro. Maame ba ta haifi wanda za a nuna da baki ba.

Kin ce ba wanda zai sa ta a ƙasa sai na zo. Da maganar nan nake kwana, da ita nake tashi. Ku riƙe mini ita zuwa Afrilu. Mutane nawa aka ajiye fiye da haka don ɗa yana ƙasar waje? Akwatinta kuma ba saye zan yi ba, da hannuna zan yi shi, in kawo shi cikin jirgin da ta mutu tana tambaya. Ki auno mini tsawonta.

Ƙaninki,
Fiifi

Shama
2 ga Fabrairu

Fiifi,

Gaisuwa. Muna nan lafiya, sai Esi da ta yi zazzaɓi ta warke. Ga zaren taru nan cikin ambulan, daga ƙulli zuwa ƙulli shi ne tsawon Maame. Kada ka ce na yi kuskure, sau biyu na auna. Ta rage tsawo ne.

Wasiƙar da ka ce in ƙona ban ƙona ba. Na tafi da ita mutuware ranar awon, na tsaya a kanta na karanta mata har wurin farin zane. Mai kula da gawarwaki ya ba mu baya ya yi kamar yana gyaran wani abu. Mutumin kirki ne, Egya Badu. Shi ya raɗa mini cewa firjin ba ko'ina yake sanyi daidai ba, gawar da danginta ke leƙowa ita ake bari a can ƙurya. Saboda haka duk Juma'a ina zuwa, in riƙa masa bandar kifi.

Akwai abin da zan gaya maka, in ka ga dama ka yi dariya. Tun da ta rasu ba wanda ya hura murhunta. Makon jiya da safe na dafa shi zan ɗaure takalmi, sai na ji shi da ɗumi. Na tona tokar, ba ko garwashi. Na kira Esi ta taɓa, ta janye hannu ta ruga ɗaki. Maame Tawiah maƙwabciyarmu kuma ta rantse ta gan ta ranar Talata a bakin ruwa, zaune kan kifaffen kwale-kwalen nan da take zama, ta zuba wa teku ido. Na ce mata tsufa ne ya fara taɓa idonta. Amma ni kaina na daina bin ta wurin.

Kawu ya kira ni. Ya ce wanda ba a binne ba bai haye kogi ba, yana nan tsakaninmu ba ci ba sha, ba ya cikin masu rai, kakanni kuma ba su karɓe shi ba. Ya ce a sa rana cikin Maris. Na ce Afrilu. Ya ce, “Araba, jirgin gwamnati kike jira? Ni na ga gwamnati ta fara gada ina saurayi, ga furfura, har yau da kwale-kwale nake hayewa.” Na ce ƙanena ba gwamnati ba ne. Ya kaɗa sandarsa ya tafi, bai karɓi ruwan da na ba shi ba.

Na tsaya maka, Fiifi. Kada ka bari in ji kunya.

Araba

Maƙerar jiragen ruwa
4 ga Mayu

Yaya Araba,

Ina gaishe ki da yara, ina fatan Esi ta murmure sarai. Na san kin ga Afrilu ya wuce ba ki ji ƙaho ba. Na ɗauki biro ya fi a ƙirga ina ajiyewa.

Ga abin da ya faru. Ana saura kaɗan a gama, sai wasu manya suka zo daga gida da manyan riguna, suka zagaya, suka ce igwar da ke gaba ta yi ƙanƙanta, a sa babba. Babbar kuwa ta fi ƙarfin daɓen, sai da aka yanke shi aka sake walda. Da aka gama aka tura jirgin cikin ruwa, ba suna ba biki, don wanda zai raɗa sunan bai samu zuwa ba. Sannan aka aiko mana kurata su cike gurbin waɗanda suka gudu. Yaran kirki ne, 'yan can arewa, amma ba wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi kogi. 'Ya'yan masunta da suka san teku tun suna rarrafe ba a ɗauke su ba, wai ba su da takardar makaranta. Ranar da muka fita gwaji, rabin jirgi na kwance suna amai, ni da mai dafa abinci muke gudu tsakanin inji da bokiti. Kwamanda ya ce ba zai shiga babban teku da su haka ba. An ce Yuni.

Akwati ya kusa. Da katakon da aka rufo injuna na yi shi, itace mai nauyi, fari tas. Wani tsohon kafinta a nan, Henning, shi ya ba ni wuri da kayan aiki. Da ya ga ina miƙe zarenki a kan katako ya tambaya, na gaya masa. Ya cire tabarau ya ce, “Tun Nuwamba? Kuma tana nan a sama?” Na ce a wurinmu ba a jefa uwa rami da gaggawa kamar ana gudunta. Ya ce, “Mu kuma tsoron barinsu suna jira muke yi.” Daga baya shi ya goge murfin da hannunsa.

Ban yi dariyar murhu ba, Yaya. Jirgin nan sabo ne, ba abin da ke tashi a cikinsa sai fenti da man inji. Amma in na sauka ɗakin inji da rana tsaka, can bayan inji na hagu, ƙamshin bandar kifi nake ji, irin na Maame, mai ɓawon rake. Na tambayi yaran ko wani ya ɓoye kifi, suka ce su ba su ji komai ba. Ba ya ba ni tsoro. Ina ganin zuwa take ta duba ko da gaske aiki nake.

Ki ba Kawu haƙuri. Wata ɗaya ne.

Ƙaninki,
Fiifi

Shama
20 ga Yuni

Fiifi,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, raina a ɓace yake.

Ga Yuni yana ƙarewa. Kullum da safe sai na fita bakin ruwa kamar mahaukaciya, matan banda har sun daina tambayata, sai dai su bi ni da kallo. Ka ce zuwa take ta duba aikinka. Kai ƙamshi kake ji, Fiifi. Ni nake ganin fuskar.

Wutar lantarki ta zama sai an ga dama. Wani lokaci ta yini ba ta zo ba, injin asibitin kuma in ya tashi yau, gobe ba mai. Egya Badu yana iya ƙoƙarinsa, har ƙanƙarar masu kifi yake sayowa. Juma'ar da ta wuce ya tare ni a ƙofa ya ce, “Anti, yau ki bar shi, na duba miki ita.” Na ture shi na shiga. Gani ya kori ji. Ba zan rubuta maka abin da na gani ba, amma Maame baƙa ce mai sheƙi, ka sani, matar da ba ta fita ko bakin ƙofa sai ta shafa man kaɗe. Yanzu da ƙyar na gane ta, sai ta wushiryarta.

Kullum kana jifana da maganata, wai na ce ba mai sa ta a ƙasa sai ka zo. Na faɗa. Amma ni na faɗa, ina kuka, kwana takwas da mutuwar uwata. Ba wasiyyarta ba ce. Ita tambaya ɗaya ta yi, aka ba ta amsa, ta ce to. Kai ka ɗauki kukana ka mayar da shi doka, ka ɗaure ni da shi, ka ɗaure ta.

Wata bakwai ina cikin baƙin zane. Kawu ya daina shigowa gidan. A coci in na zauna sai benci ya yi mini faɗi. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne in ci gaba da kallon tana lalacewa don kai ka samu shigowa da ƙaho.

Ka sake ni. Ka rubuto da hannunka ka ce a binne ta, in kai wa Kawu. Akwatinka in ya zo, ba a rasa mai mutuwa a dangi.

Araba

Maƙerar jiragen ruwa
15 ga Yuli

Yaya Araba,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta yi mini zafi, kuma na san don ta yi zafin kika rubuta.

Ba don ƙaho ba ne. Ban ba ta ruwa ba, ban rufe mata ido ba, ban ji muryarta ta ƙarshe ba. Ke kin samu duk wannan. Abu ɗaya ya rage da ɗa zai yi wa uwarsa, shi kike cewa in sa hannu in yafe, har kina rabar da akwatinta ga wanda bai mutu ba tukuna. Ba zan rubuta ba.

An gama komai. An zuba mai, an loda abinci, yaran sun fara tsayuwa da ƙafafunsu. Farkon Agusta za mu taso, wannan karon Kwamanda da bakinsa ya faɗa a gaban kowa. Na sha wuya kafin a yarda akwatin ya hau. Mutum biyu sun ce ba za su kwana jirgi ɗaya da akwatin gawa ba, ko ba kowa a ciki. Kwamanda ya dube su ya dube ni, ya ce shi bai ga akwati ba, kayan gyaran inji ya gani, wanda kuma ya san mai tayar da injin ban da Bentsil ya kawo shi.

Kin riƙe wata takwas. Ki riƙe mini ɗaya, don Allah, don nonon da muka sha.

Fiifi

Shama
16 ga Agusta

Fiifi ƙanena,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai gajiya.

Mun binne Maame ranar Asabar da ta wuce.

Wasiƙarka ta zo, na karanta inda ka ce farkon Agusta. Haka ka ce Afrilu, haka ka ce Yuni. Duk da haka na yi niyyar ƙara jira, Allah shaida ne. Sai firjin ya tsaya gaba ɗaya, asibiti suka aiko cewa kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ba Kawu ya sa rana ba, kada ka riƙe shi a zuciya. Ni na je gidansa da ƙafata na durƙusa na ce a sa. Bai ce mini “ai na gaya miki” ba. Ya ɗaga ni, ya aika aka kira kafinta.

Tsofaffin matan dangi suka shiga yi mata wanka. Da suka fito ba wadda ta dubi wata. Babbarsu ta ja ni gefe ta ce ba za a shimfiɗa ta a gado ba. Ka ji, Fiifi. Matar da ta yi wa rabin matan garin nan adon gawa, ta ɗaura musu duwatsun wuya, ta gyara musu ɗankwali don mutane su zo su gan su da kyau, ita a rufe aka fito da ita. Gadon da muka ƙawata da leshi haka ya yini ba kowa, sai hotonta a kan matashi. Mutane suna zagaya shi suna kuka. Wannan ba zan yafe wa kaina ba, kai ma ban san ranar da zan yafe maka ba.

Amma an yi taro. Masunta ba su fita ba ran nan ko da yake ba Talata ba ce. Kafin a buga murfi na sa mata kuɗin haye kogi da hankici biyu, na ce mata ɗaya nawa, ɗaya na Fiifi, yana gaishe ki, aiki ne ya riƙe shi. Akwatin na katakon icen nan mai arha da ake kira wawa ne, ba wani kyau, amma ya ɗauke ta.

Ranar Lahadi na yi barci har rana ta fito, rabona da haka tun bara. Na taɓa murhu, sanyi ƙalau. Na zauna a wurin na yi kukan da ban samu yi ba, don sai yanzu ta tafi.

Ba na neman gafararka. In ka zo zan kai ka inda take, ka yi mata bayani da bakinka. Zan aika wannan maƙera kamar kullum, na san can za ta same ka.

Yayarka,
Araba

Las Palmas
17 ga Agusta

Yaya Araba,

Gaisuwa daga kan ruwa. Ki duba sunan garin da ke sama, ki sake dubawa, sannan ki je ki nuna wa Kawu. Mun taso. Ina lafiya, ina fatan ke da yara kuna lafiya. Ban samu amsar wasiƙata ta Yuli ba kafin mu bar maƙera, na san fushi kike, kuma kina da gaskiya. Na yi miki magana da kaushi. In na zo ki rama.

Mun tsaya shan mai ne, gobe za mu wuce. Na samu wani ɗan Takoradi da zai hau jirgin sama, shi zai kawo miki wannan hannu da hannu, don ta riga ni isowa.

Teku ta gwada mu a hanya. Kwana biyu jirgi na hawa yana faɗowa, mu kuma ba mu kai yawan da za a yi canjin aiki ba, wanda ya sauka daga gadi shi ke komawa. Ban bar ɗakin inji ba. Akwatin yana can baya kusa da sitiyarin ƙasa, na naɗe shi da bargonta na ɗaure da igiya. Abin dariya, mutum biyun nan da suka ce ba za su hau ba, su na tarar zaune sun jingina da shi suna addu'a. Yanzu duk jirgi “Maame” suke ce masa. Mai wucewa sai ya ce, “Maame, ina kwana, ki riƙe mu.” Ko kwarzane bai yi ba.

Tun ranar Asabar ban ƙara jin ƙamshin bandar nan ba. Na zagaya bayan inji na hagu ya fi sau nawa, fenti kawai da mai. Da farko abin ya dame ni. Daga baya na gane, ai ta ga na kamo hanya, ta koma gida ta jira ni a can. Hankalina bai taɓa kwanciya irin na yau ba.

Kwamanda ya yarda da maganar Shama. Ya ce in mun iso da rana zai karkata, zai kuma sassauta gudu. Ku sa rana, Asabar ta farkon Satumba, a sanar da mutanen Elmina da na Axim tun yanzu. Ina so a shimfiɗa ta a gado a yi mata ado sosai, kowa ya zo ya gan ta, ni ma in gan ta. Na sayo leshi fari a nan.

Abu ɗaya ke damuna. Henning ya sa wa akwatin hannaye na tagulla a gefe, sun ƙara masa faɗi, ƙofar ɗakin Maame kuwa kin san ƙarama ce. Ki sa a auna. In ba zai shiga ba, a cire ƙyauren kafin in iso.

Ƙaninki,
Fiifi